Shekarar da Rubab Ya Fid da Kai

Gindi bakwai ne. Ku fara riƙe wannan, domin duk abin da zan faɗa a kansa yake tafiya. Gindi bakwai na rubab, shukar nan ta Turawa, a jere, jikin katangar baya ta gidan da kuka girma a ciki. Sai tsohuwa ɗaya mai shekara tamanin da bakwai, tana gidan tsofaffi, babu wanda ya san ko za ta ga ƙarshen wani sanyin. Sai alkawari ɗaya da na yi mata da bakina, ba takarda, ba shaida sai innarku. A ɗaya gefen kuma akwai hanyar Paris, wadda na yi shekara goma sha tara ina bi da kamiyo, babbar motar kaya, wadda ita ta ciyar da mu har ta kai mu ga sayen gidan.

Hadiza, ke da Nura kukan ce Baba ya bar hanyar Paris saboda ganye, ku yi ta dariya. Ba na jin haushi, sai dai ba ganye ba ne, ganyensa ma guba ne. Kuma kun tashi kuna jin cewa zafin wannan shekarar ne ya kashe gindi biyu na ƙarshen jere. Ni na gaya muku haka, kuma ba ita ce gaskiyar duka ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

A lokacin sana'ata ita ce ɗauko kayan abinci daga Paris in raba wa masu butik, wato ƙananan shagunan unguwa, a Lyon. Ina loda doya da kuɓewa da attarugu a babbar kasuwar Rungis, in biya ta unguwar Goutte d'Or wurin Alhaji Isufu, mutumin Damagaram mai ajiyar busassun kaya, in ɗauki kifi da kuka da daddawa. Sau biyu a mako, wato kwana biyar ba na gida. Muna zaune a hawa na takwas a Rillieux, gefen Lyon, innarku tana shuka na'ana'a cikin gwangwanin tumatir a bakin taga, kullum tana cewa ita dai kafin ta mutu tana son ta taka ƙasar da za ta kira tata. Da muka ji labarin wani ƙaramin gida mai garka a bayan gari, muka je gani. Mai gidan wata tsohuwa ce, Madam Odil, mijinta ya daɗe da rasuwa, gwiwoyinta sun gaza hawa bene, za ta koma gidan tsofaffi. Innarku ta shiga duba ɗakuna da kicin. Ni kuwa na fita baya, na tsuguna, na ɗebi ƙasa na murza a hannu, na shinshina. Ban san tsohuwar tana kallona ta taga ba.

Da na shigo ta ce, "Misye Lawali, kai manomi ne?"

Na ce, "Ɗan manomi ne, Madam. Ni dillali ne."

Ta ce, "Mutum shida sun zo ganin gidan nan. Dukansu rufi suka kalla. Kai kaɗai ka kalli ƙasa."

Daga baya na ji cewa akwai wanda ya yi tayin da ya fi nawa, ta ƙi. Ranar da za ta ba mu makulli ta dogara sandarta ta kai mu jikin katanga, ta nuna mana wasu tsirrai masu faffaɗan ganye kamar na gwaza, kowane ganye a kan jan kara mai kauri. Ta ce sunansa rubab, karan ake ci, yana da tsami. Daga gonar mahaifiyarta ta zo da shi shekarar da ta yi aure. Innarku ta karya ɗan kara ta tauna, sai na ga idonta ya buɗe.

Ta ce mini da Hausa, "Alhaji, yakuwa ce wallahi! Dubi ganye kuma, ɗaya ya isa miyar gida."

Madam Odil ba ta jin Hausa, amma ta ga inda hannun innarku ya nufa. Ta buge hannun da sandarta, ba da wasa ba.

Ta ce, "Ganyen ba a ci. Ko akuya ba a ba ta. Kara kawai!"

Sannan ta juyo gare ni ta ce abu biyu take roƙo. Kada su mutu a hannuna. Kuma idan sanyi ya fita suka yi kara, in kai mata na farko. Na ce na ɗauka. Na faɗa da sauƙi, irin yadda mutum yake faɗin abin da yake ganin ba zai ci masa komai ba.

Muka tare da kaka. Sanyi ya zo, ganyen duk ya ruɓe ya kwanta, wurin ya koma fili. Na buga mata waya cikin tashin hankali, ta yi dariya har da tari, ta ce barci suke yi. Haka kuwa aka yi. Da sanyi ya fara sassautawa sai ga wasu jajayen ƙulle-ƙulle suna fasa ƙasa, kamar dunƙulen hannun jariri, kafin mako uku ganye ya buɗe. Amma shekarar nan zafi ya zo da wuri, ruwan sama kuma ya ɗauke. Tun farkon Afrilu mutane suka ajiye rigunan sanyi. Wata ranar Juma'a na dawo daga Paris na zaga baya, sai na ga daga tsakiyar kowane gindi wani kara daban ya miƙe, mai kauri, zagayayye, da dunƙule a kansa. Duk bakwai ɗin.

Sai kun san inda na fito za ku gane abin da na ji. A ƙauyenmu na ƙasar Maraɗi, ranar da gero ya fid da kai ita ce ranar da maigida yake fara cin tuwo da daɗi. Duk wahalar noma saboda zangarniya ake yi. Na taɓa ganin mahaifina ya tsaya a bakin gona yana hawaye don ya ga kan farko bayan fari. Da na ga rubab ya fid da kai a shekarata ta farko, tun ma lokaci bai yi ba, sai na ce Allah ya sa wa hannuna albarka. Na sayo sanduna na tokare su don kada iska ta karya. Na kwaso buhunan raga na albasa daga kamiyo, na sa wa kowane kai ɗaya na ɗaure, saboda tsuntsaye. Innarku tana tsaye a ƙofar kicin ta riƙe ƙugu. Kun san ita ƴar ƙasar Madawa ce, cikin garkar albasa ta girma.

Ta ce, "Alhaji, mi kake yi haka? Ka sa musu hula za su tahi Idi?"

Na ce, "Tsuntsu nake karewa."

Ta ce, "Ni dai a garkar babana, in albasa ta yi hure ba murna ake ba. Wadda ta yi hure ba ta yin ƙwai."

Na ce, "Albasa a ƙasa take ajiye arzikinta, Hajiya. Wannan a sama yake. Ki bar manomin hatsi da aikinsa."

Ta ce, "To, manomi. Allah shi ba da sa'a," ta koma ciki.

Kwana goma kawunan suna tsawo har suka kai ƙirjina, suka fara buɗe farin fure cikin ragar. Abin da ban lura da shi ba, ko kuma na ƙi lura, shi ne jajayen karan da ake ci sun daina kauri, sababbin da ke fitowa sirara ne kamar tsinke. Ranar Lahadi na sa babbar riga, muka tafi gidan tsofaffi da innarku, na ɗauki foto a waya don in nuna. Muka sami Madam Odil a kujerarta bakin taga. Bayan gaisuwa na miƙa mata wayar ina murmushi. Ta sa tabarau ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta aje wayar a cinyarta.

Ta ce, "Mene ne wannan a kansu?"

Na ce, "Raga ce, don tsuntsaye."

Ta ce, "Kana gadin abin da zai cinye su. Misye Lawali, sun tafi yin iri. Duk ƙarfin da ke cikin saiwar yana hawa wannan karan, ba abin da zai rage."

Na saci kallon innarku. Gyara ɗankwalinta kawai ta yi, amma na ji gyaran nan har cikin ƙashina.

Tsohuwar ta ce laifin ba nawa ba ne ni kaɗai. Gindin sun tsufa, ya kamata a tsaga su duk bayan ƴan shekaru, ita kuwa tun da gwiwoyinta suka gaza ba ta iya ba. Ga zafi da ƙishirwa sun zo musu da wuri, shi ya sa suka yi gaggawar barin iri. Ta faɗa mini abin da zan yi, ta sa na maimaita kamar ɗan lakwal a gaban malami. In yanke kowane kai da wuƙa tun daga can ƙasa, kada in bar kututture, domin cikinsa rami ne, zai tara ruwa ya ruɓar da gindin. In ba su ruwa kowace safiya. In rufe ƙasar da taki da busasshiyar ciyawa. Kada in cire kara ko ɗaya sai sun dawo da ƙarfinsu.

Ta ce, "Duka za ka yanke. Ka ji? Duka."

Na ce na ji.

Da la'asar na shiga garka da wuƙar kicin. Ba zan ɓoye muku ba, hannuna ya yi nauyi. Yanke kai kafin ya nuna, a wurinmu aikin maƙiyi ne, wanda ya shiga gonar mutum don ya cuce shi. Na yi bisimilla na yanke na farko, na biyu, har biyar. Da na kai biyun ƙarshe, waɗanda ke bayan rumfar kaya inda ba a hango su daga ƙofa, sai dillalin da ke cikina ya tashi. Tun da na fara sana'a ban taɓa zuba duk kayana a wuri ɗaya ba. Na ce a raina, idan maganar tsohuwar nan ba ta yi ba biyar ɗin suka mutu fa? In na bar biyu suka yi iri, ina da abin shukawa. Na ga wannan ai hankali ne. Na goge wuƙa na shiga gida.

Innarku ta ƙirga abin da na zubar a kwandon shara. Ta ce, "Biyar na gani."

Na ce, "Biyar ne."

Ta ce, "Duka ta ce."

Na ce, "Na ji abin da ta ce."

Ta ce, "Za ka hwaɗa mata?"

Na ce, "In iri ya nuna."

Saura maganar ruwa. Saboda farin da ake ciki hukuma ta hana ban ruwa da tiyo, sai da bokiti, da sassafe. Innarku an yi mata aikin tiyata a gadon baya cikin sanyin nan, likita ya hana ta ɗaukar ko tukunyar ruwa. Ku kuma kuna ƙanana. Na gwada mako ɗaya, na shayar da su sosai na kama hanya. Da na dawo bayan kwana uku na tarar ganyen ya kwanta a ƙasa kamar wanki. Na ba su ruwa suka ɗago da ƙyar. Nan na san abin ba zai haɗu ba: ko hanya, ko alkawari. Na zauna a kan bokiti na buga wa Alhaji Isufu.

Ya ce, "Alhaji Lawali! Lahiya? Iyali? To madalla. Kifinka na nan na ɗaure maka."

Na ce, "Alhaji, ka ba wani hanyar nan ya riƙe mini wata biyu."

Ya ce, "Subhanallahi. Jikin Hajiya ne?"

Na ce, "Hajiya da sauƙi. Shuka gare ni da ke son ruwa."

Ya ce, "Shukar mi? Zinariya take 'ya'ya?"

Na faɗa masa. Ya yi dariya har na ji yana kiran mutanen shago su zo su ji, wai Bamaraɗe ya zo Turai ya koma kiwon yakuwar Nasara. Da ya gama ya sauke murya.

Ya ce, "Tsakani da Allah, ka san masu butik. Wanda ya kawo musu kaya sau takwas a jere, shi ne mutuminsu. In ka dawo ba lalle ka samu wurinka ba."

Na ce, "Na sani. Na riga na ba tsohuwa baki."

Ya ce, "To, in baki ne, ba ni da ta cewa. Allah shi taimaka."

Wata biyu na yi ina ɗaukar bokiti bayan sallar asuba. Na samo takin doki wurin wani mai kiwo, na shimfiɗa ciyawa. Duk sabon kai da ya leƙo a cikin biyar ɗin na yanke shi tun yana ƙarami, hannuna ya daina nauyi. A hankali suka farfaɗo, karan ya yi kauri kamar babban yatsa, ya yi ja. A wannan wata biyun ne na fara raka ku lakwal, na san sunan malamarku, na gano cewa Nura ba ya cin ƙwai, abin da kowa a gidan ya sani ban da ni. Biyun da na bari kuwa, ruwa ɗaya na ba su da sauran, taki ɗaya. Kawunansu suka bushe suka cika da iri mai fukafukai, na kakkaɓe shi cikin ambulan ina jin daɗi. Amma ganyensu ya yi rawaya, ya kwanta, bai sake tashi ba. Ƙarshen Yuni na tura yatsa cikin gindin ɗaya, ya shige kamar cikin ruɓaɓɓiyar kabewa. Na biyun ma haka.

A makon nan ne na cire kara huɗu daga gindin da ya fi ƙarfi, da murɗawa ba da wuƙa ba, yadda ta koya mini. Innarku ta dafa biyu da sukari irin nasu. Sauran biyun ta yanka ta zuba a miyar gyaɗa maimakon yakuwa, ta tuƙa tuwon shinkafa mai laushi. Muka ɗauka a kwanuka biyu. A mota na shirya abin da zan ce: zafi ya yi yawa, gindin sun tsufa, na yi iyakar ƙoƙarina. Duk gaskiya ne, kuma ita da kanta ta riga ta ba ni hujjar.

Madam Odil ta ɗanɗana na sukari ta rufe ido, ta daɗe ba ta buɗe ba. Sannan ta kalli miyar da shakka, ta ɗiba kaɗan a cokali. Ta sake ɗiba. Ta ce shekara tamanin tana cin abin nan ba ta taɓa tunanin zai shiga gishiri ba, ta tambayi innarku me ta sa. Suna cikin wannan sai ta juyo.

Ta ce, "Bakwai ɗin suna lafiya?"

Na buɗe baki da maganar zafi. Sai na ga miyar a gefen bakinta. Matar nan ta bar tayin da ya fi nawa don ta ga na shinshina ƙasa. Na ciro ambulan na aje a kan tebur.

Na ce, "Biyar ne, Madam. Biyu na bar su suka yi iri. Kin ce duka, ban yi ba. Ni na kashe su."

Ta buɗe ambulan ta leƙa, ta rufe. Innarku ta sunkuyar da kai.

Ta ce, "Wannan ko ka shuka ba zai ba ka na mahaifiyata ba. Wani abu daban zai fito. Ta saiwa ake raba shi."

Na ce, "Ban sani ba."

Ta ce, "Ba ka tambaya ba." Sai na ga kafaɗunta suna motsi. Na zaci kuka take yi, ashe dariya ce. Ta ce, "Tara na zo da su daga gidanmu. Shekararmu ta biyu mijina ya bar biyu suka yi fure, wai yana son ya ga abin da zai faru. Shi bai faɗa mini ba, ni na gano. Har ya mutu yana cewa ɓera ne." Ta turo mini ambulan. "Kai ka faɗa. Riƙe abinka. Da kaka ka zo ka ɗauke ni, in nuna maka yadda ake tsagawa."

Da kaka na ɗauko ta, muka tura kekenta har jikin katanga, innarku ta lulluɓe ta da bargo biyu. Tana nuni da sanda ina haƙa. Kowane gindi na sa shebur na raba shi, kowane yanki da idonsa, ta ƙi yarda da ramin farko ta sa na sake. Biyar suka zama goma sha biyu. Ta ga fitar wannan sanyin, na kai mata karan farko daga gindi ɗaya da ta ce a bari ba a taɓa saiwarsa sosai ba. Cikin sanyin da ya biyo baya ta rasu. Ku kuwa da kuka tambayi inda biyun suka tafi, na ce muku zafi ne. Na iya faɗa wa tsohuwa gaskiya, amma na ji kunyar ƴaƴana. Innarku ta rufa mini asiri shekara da shekaru, sai dai duk ranar da na cika taurin kai takan ce, "To, manomi."

Ga lissafin, yadda na saba yi in na sauke kaya. Na yi asarar gindi biyu da suka girmi aurena, kuma ba za su dawo ba. Na yi asarar hanyar Paris. Maganar Alhaji Isufu ta tabbata, da na koma masu butik sun saba da wani, na dawo na buɗe ɗan shagon da kuka sani, wanda bai taɓa kawo abin da hanya take kawowa ba. Abin da na samu: na cika rabin alkawari da rabin rabi, kuma mai alkawarin ta karɓa tana dariya. Na sami gindi goma sha biyu, waɗanda yau akwai ƴaƴansu a garkar maƙwabta huɗu da cikin tukunya a barandar Hadiza. Na sami miyar da babu mai yin irinta daga nan har Maraɗi. Na ci tuwon dare da ku shekara goma sha biyar waɗanda da a kan hanya zan yi su. Ko ta ina na juya lissafin nan, riba nake gani, kuma ba wayona ne ya kawo ta ba. Na gode wa Allah, na gode wa matan nan biyu da suka san abin da ban sani ba.

Ambulan ɗin irin yana cikin akwatina, ƙarƙashin fasfo. In kun same shi kada ku shuka. Garka kuma taku ce. Duk shekarar da zafi ya zo da wuri kuka ga kai ya miƙe daga tsakiya, ku ɗauki wuƙa ku yanke tun daga ƙasa. Ku zaga har bayan rumfa. Duka.